Gyambo a Treichville: Filastar Zamani ko Bandejin da Muka Saba?

Treichville unguwa ce a birnin Abijan na Kodebuwa da ake neman abinci da ƙarfin jiki. Daga babbar kasuwarta, wadda gobara ta cinye a 1997 aka sake ginawa, zuwa tashar jiragen ruwa da ke maƙwabtaka da ita, aikin da ya fi yawa na wuƙa ne da wuta da ɗaukar kaya. Haka abin yake a Adjamé, can ƙetaren gada. 'Yan'uwanmu Hausawa da suka zo Abijan cin rani ko suka zauna dindindin suna cikin wannan aiki dumu-dumu: mahauta, masu gasa nama, 'yan dako, 'yan goro, da masu sayar da garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna, sana'ar da mutanen Nijar suka yi suna a kanta. Wanda ya wuni a bakin kaskon mai yana tafasa, wata rana sai man ya fantsamo masa. Wanda ke tura kura cikin cunkoso, wata rana sai ƙarfe ya yage masa ƙwauri. Mafi yawan waɗannan raunuka kan warke da kansu. Wasu kuwa sukan zauna su zama gyambo, wata uku, wata shida, shekara, mutum yana ɗingishi da tsumma ɗaure a ƙafa, ƙuda na bin sa.

A kan irin wannan rauni ne ake da saɓani tsakanin masu aikin jinya, da ma tsakanin majinyata da danginsu. Wasu na ganin lokaci ya yi da za a bar auduga da bandeji da jan magani, a koma filastocin zamani da kamfanonin Turai da Amurka ke ƙerawa daga ciyawar teku da ɓawon jatan lande da fatar kifi. Wasu kuma na cewa wannan kayan masu hali ne, kuma abin da ke hana gyambon talaka warkewa ba ya cikin fakiti. Kowane ɓangare na da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya.

Masu son sabon kaya sun fi ƙarfi a wuri guda, kuma wurin ya saɓa wa abin da aka rene mu a kai. Kowannenmu ya ji an ce masa, "Buɗe shi ya sha iska, ya bushe ya yi ɓawo." A 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada wannan magana a fatar aladu. Ya bar wasu raunuka a buɗe, ya rufe wasu da siririyar leda. Waɗanda aka rufe suka kasance da danshi, sabuwar fata ta rufe su cikin kusan rabin lokacin da na buɗen suka ɗauka. Shekara guda bayan haka wasu likitocin fata biyu a Amurka, Hinman da Maibach, suka ga irin wannan sakamako a jikin mutane. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayoyin sabuwar fata rarrafowa suke yi daga gefen rauni zuwa tsakiya. In saman da danshi, sai su bi ta kai su wuce. In ya bushe ya yi ɓawo, dole su nutsa ta ƙarƙashi suna haƙa hanya, aikin ya ninku.

Daga wannan bincike ne da yawa daga filastocin zamani suka samo asali. Akwai mai laushi kamar danƙo da ake kira haidurokoloid, wadda ke narkewa kaɗan a kan rauni ta riƙe masa danshi, ana iya barin ta kwanaki ba a taɓa ba. Akwai aljinet, zare ne da ake tatsa daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa, yana tsotse ruwan miki mai yawa ya zama kamar kamu, ya fita ba tare da ya manne ba. Akwai kitosan na ɓawon jatan lande, wanda sojojin Amurka suka ɗauka a farkon shekarun 2000 don tsayar da jini a fagen fama. Sannan akwai na ƙoli, masu maye gurbin fata kanta, irin Integra da Ioannis Yannas na jami'ar MIT da likitan tiyata John Burke suka ƙirƙiro daga kolajin na saniya, aka amince da ita a Amurka a 1996 don masu babbar ƙuna.

Wanda bai taɓa ganin an wanke wa mai ƙuna ciwonsa da tsohuwar hanya ba, ba zai gane abin da ya sa ma'aikatan jinya ke ɗokin sabon kaya ba. Gozin da aka sa shekaranjiya ya sha ruwan ciwo ya bushe, zarensa ya shige cikin jan naman da ke tasowa. Nas zai jiƙa shi da ruwan gishiri, ya jira, ya kama gefe da almakashi ya fara ja a hankali. Ƙaton namiji mai ɗaukar buhu biyu a ka zai kama ƙarfen gado yana salati, gumi na keto masa. In gozin ya fito, sai ka ga ɗigo-ɗigon jini a inda sabon nama ya biyo shi. Abin da jiki ya gina cikin kwana biyu an ɗebe wani sashe nasa cikin minti biyar. Jibi kuma a maimaita. Yaro ƙarami da ruwan zafi ya ƙona, tun daga bakin ƙofar asibiti yake fara ihu. Masu goyon bayan filastar zamani na cewa ko da ba ta rage kwana ɗaya daga jinya ba, rage wannan azaba kaɗai ya isa hujja. Ni ma a nan ina tare da su, domin zafin wanki shi ke sa mutane da yawa su daina komawa asibiti, su koma yi wa kansu magani a gida.

Suna kuma da lissafin kuɗi, wanda ya fi dacewa da ɗan kasuwa. Araha ba ta ado, in ji su. Gozi da bandeji ba su da tsada, amma ana sauya su kullum ko bayan kwana biyu. Kowane zuwa akwai kuɗin mota, akwai kuɗin wanki, akwai layi, akwai rabin wuni da teburi ke rufe. Mai garba da ya rufe wurinsa da hantsi ya rasa cinikin ranar, kuma ba wanda zai biya shi. Filastar da za ta zauna kwana biyar ko bakwai, ko da ta ninka gozi tsada sau da yawa, tana iya fin sauƙi in aka haɗa duka. Wannan lissafi asibiti ba ya yin sa, domin asibiti kuɗin kaya yake gani, ba ya ganin kuɗin ranar majinyaci.

Akwai kuma wuraren da bincike ya mara musu baya sarai. A 2018 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Turai kan masu ciwon suga 240 da ke da gyambon ƙafa. Rabi aka sa musu filastar kamfanin Urgo na Faransa mai wani sinadari da ke rage ƙarfin abin da ke cinye sabon nama, rabi aka sa musu irinta marar sinadarin. Bayan mako 20, gyambon kashi 48 cikin ɗari na rukunin farko ya rufe, na biyun kuwa kashi 30. Ga mai ciwon suga, wannan tazara na iya zama tsakanin tafiya da ƙafa biyu da yanke ɗaya. A ɓangaren ƙuna ma, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara ya nuna farin man nan mai azurfa da aka daɗe ana shafa wa masu ƙuna, wanda a ƙasashen renon Faransa aka fi sani da Flammazine, yakan yi jinkirin warkarwa in aka gwada shi da wasu sababbin filastoci a ƙunar da ba ta yi zurfi ba.

To, masu ja da wannan fa? Hujjarsu ta farko ita ce aljihu, kuma ba su yi ƙarya ba. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa sefa 75,000 ne a wata tun daga Janairun 2023, kuma ɗan dako ko yaron mahauci ba ya cikin masu albashi ma. Inshorar lafiya ta ƙasa, CMU, tana karɓar sefa jika guda a wata, majinyaci ya biya kashi 30 na kuɗin abin da ta ɗauka, amma baƙi da yawa ba su da katin. Duk waɗannan filastoci daga waje ake shigo da su. Lissafin da ke cewa mai tsada ta fi sauƙi a ƙarshe, lissafin wanda ke da kuɗin a hannu yau ne. Talaka kan zaɓi biyan kaɗan-kaɗan sau ashirin saboda ba shi da dunƙulen biya sau ɗaya. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a saya masa fakiti guda, ya ƙare, a koma tsumma.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi: ba kowace sabuwar filasta ce ta tabbatar da fifikonta ba. A 2009 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 213 masu gyambon ƙwauri na jijiyoyin jini. An gwada filastoci masu azurfa da filastoci na kawai marasa mannewa, ba a ga bambanci a warkewa ba, sai a farashi. Nazarce-nazarcen Cochrane sun sha nuna cewa shaidar da ke fifita wata filasta a kan wata a tsofaffin gyambuna ba ta da ƙarfi, kuma gwaje-gwaje da yawa kamfanonin da ke sayar da kayan ne ke ɗaukar nauyinsu. Ƙari a kan haka, a ƙasashe masu sanyi aka ƙera su aka gwada su. Abijan gari ne na gumi da laima. Filastar da ke zama mako guda a ƙafar dattijon da ke zaune a ɗaki a Turai, a ƙwaurin mai tura kura cikin taɓon damina gefenta kan naɗe tun ba a je ko'ina ba. In kuma aka rufe miki mai mugunya da filastar da ba ta shan iska, an gina wa ƙwayar cuta ɗaki ne. Sai wanda ya san aikin ne zai bambance raunin da ke son rufi da wanda ke son a fara tsabtace shi.

Nan ne kasuwar Roxy ta Adjamé ke shigowa cikin maganar. Shekara da shekaru ana sayar da magunguna a can a kan tebur da cikin daro, har hukuma ta kai babban samame a 2017 ta kwashe tan-tan na kaya. Duk abin da ya yi suna ya yi tsada, jabunsa da wanda wa'adinsa ya wuce za su biyo wannan hanya. Filasta kuwa amfaninta na cikin tsabtar fakitinta. Wadda ta sha rana a kan tebur, ko aka yanka ta gida huɗu ana sayarwa ɗaiɗai, gara gozi mai tsabta da ita.

Amma hujjar da ta fi kama ni ita ce ta uku. Gyambo alama ce, akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Na mai ciwon suga ba zai rufe ba muddin sugan na sama kuma yana taka wurin. Na jijiyoyin ƙwauri maganinsa ɗauri ne mai matsewa da ke mayar da jini sama, kowace filasta aka sa a ƙasa. Na mai sikila, wanda ke fitowa kusa da idon sawu, yana tafiya ne da halin jininsa. Kodebuwa kuma na da nata gyambon da ya isa misali, wato Buruli. Ƙasar na cikin waɗanda cutar ta fi addaba a duniya, shi ya sa a Yamusukuro aka yi taron duniya a kanta a 1998 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayar da ke haddasa ta dangin ta tarin fuka da kuturta ce. Tana fitar da wata guba da aka gano a 1999, mai kashe nama kuma mai kashe jin zafi. Shi ya sa abin kan fara da ɗan ƙullutu marar ciwo, mutum ya share, kafin a farga fata ta rufta ta bar rami mai faɗi da gefensa ya zurma ciki. An fi samun ta a ƙauyukan da ke kusa da fadamu da madatsun ruwa, amma masu fataucin goro da shanu da doya ai can suke shiga su fito. Maganinta ƙwayoyi ne iri biyu, rifamfisin da kilaritoromaisin, kullum har mako takwas. Ko filastar zinariya aka liƙa wa wannan gyambo ba tare da ƙwayoyin ba, zai ci gaba da cin nama a ƙarƙashinta.

Wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya nuna wannan tun 1988 ba tare da ya nufa ba. Ya yi wa mutum 59 masu raunuka da gyambuna jinya da zuma tsantsa, galibinsu waɗanda maganin asibiti ya gaza a kansu. Hamsin da takwas suka samu sauƙi ƙwarai. Guda ɗayan da ya ƙi, daga baya aka gano Buruli ne. Wannan rahoto na yi wa ɓangarorin biyu magana a lokaci ɗaya. Yana nuna abu mai araha da ke hannunmu na iya yin aikin da ake nema wurin mai tsada, domin zuma na riƙe danshi, ba ta mannewa, kuma ƙwayar cuta ba ta jin daɗin zama a cikinta. Daga baya ma kamfanoni suka ɗauki zumar manuka ta Niyuzilan suka tace ta suka sa a fakiti, Amurka ta amince da ita a 2007. Yana kuma nuna cewa abin da aka ɗora a kan rauni, kowane iri ne, ba ya maye gurbin sanin cutar. Sai dai a kula, zumar kasuwa da aka sirka da sukari da ruwa ba ita ake nufi ba.

A yankin Taabo, inda madatsar ruwa take a kan kogin Bandama, masu bincike na cibiyar Suwizalan da ke Adiopodoumé tare da abokan aikinsu sun bi ƙauyuka gida-gida suna duba raunuka, suka buga sakamakonsu a 2022. Abin da suka gani shi ne yawancin raunuka daga yanka da bugu da ƙuna suke farawa, kuma in aka kama su da wuri, wanki mai kyau da rufi mai tsabta a hannun ma'aikacin lafiya na ƙauye ya ishi mafi yawansu. Kaɗan ne ke buƙatar babban asibiti. Na tabbata da za a yi irin wannan zagaye a rumfunan Treichville, abin da za a gani ke nan. Gyambon wata shida ya fara ne a ranar da mai ya zubo, aka ce, "Sannu Malam, kawo hannun," aka shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai, maimakon a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti ashirin. Ya fara ne a ranar da aka fasa kafso aka barbaɗa garinsa a kan yanka, aka ɗaure da ƙyallen da aka yago daga tsohuwar riga, ba a tuna da allurar rigakafin sarƙewar haƙora ba.

Ga inda na tsaya. Masu son filastar zamani sun yi gaskiya a kan ilimin, kuma ilimin ba na sayarwa ba ne. A wanke rauni da ruwa mai tsabta, a rufe shi da abin da ba zai manne ba, a bar shi da ɗan danshi, kada a riƙa tone shi kullum, kada a ƙona sabon nama da magani mai zafi. Gozi mai man basilin na cika yawancin wannan da kuɗi kaɗan. Likitoci a Mumbai ta Indiya sun yi amfani da ganyen ayaba da aka dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta wajen rufe ƙuna, ya yi musu aiki. In gwamnati ko wata ƙungiyar 'yan kasuwa na da kuɗi ƙalilan, ni dai a ganina a fara zuba su a nan: ɗakin wankin ciwo a cikin kasuwa ko a bakinta, da nas ɗin da ya ƙware, da na'urar auna suga, da hanyar tura wanda ciwonsa ya wuce mako biyu bai nuna alamar rufewa ba zuwa sashen cututtukan fata na asibitin koyarwa na Treichville, wanda ke cikin unguwar. Wanzamai da sarakunan sana'a da limaman masallatan Hausawa su ne za su fi saurin isar da wannan saƙo, domin wurinsu ake fara zuwa.

Amma ban yarda a tsaya nan a ce mai tsada ba tamu ba ce. Yaron da ruwan zafi ya ƙona masa ƙirji, da dattijo mai ciwon suga da ake shawarar yanke masa ƙafa, da mai Buruli da ya gama shan ƙwayoyinsa ya rage ramin da za a cike, waɗannan sun cancanci mafi kyawun abin da ilimi ya samar, kuma su ne ya kamata inshora ta ɗauke wa nauyin filastar. Cewa talaka ya yi haƙuri da gozi har abada, wannan ma zalunci ne.

Tsadar kanta ba daga sama ta sauko ba. A birnin Fortaleza na Barazil, wajen 2015, likitocin ƙuna da masu bincike na jami'ar Ceará, ƙarƙashin jagorancin Edmar Maciel, suka rasa isasshiyar fatar mutum da ta alade da ake rufe ƙuna da su a ƙasashe masu arziki. Sai suka juya ga fatar karfasa, wadda masu kiwon kifi ke zubarwa. Fatar na da kolajin mai yawa, tana da ƙarfi, tana riƙe danshi. Suka samar da hanyar wanke ta da magunguna da giliserin, a kashe sauran ƙwayoyin cuta da haske na musamman, a rufe a fakiti. A ƙunar da ba ta yi zurfi ba, akan shimfiɗa ta a bar ta har wurin ya warke, sai ta ɓare da kanta. Gwaje-gwajensu sun nuna raguwar zafi da raguwar yawan wanki. A Aisland kuma wani kamfani, Kerecis, ya yi irin wannan da fatar wani kifin tekunsu, har kamfanin Coloplast na Denmak ya saye shi a 2023 kan kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya. Kada wani ya ji wannan ya ɗauko ɗanyar fatar kifi daga teburin kasuwa ya manna a ƙuna, domin aikin duka yana cikin tsabtacewar ne.

Karfasa kifin Afirka ne, daga nan aka kai shi Barazil. Abijan na da ɗaya daga cikin manyan tashoshin kifin tuna na nahiyar, tana da masana'antun sarrafa kifi da ke zubar da fata kullum, tana da cibiyar Pasteur, da jami'o'i, da cibiyar masu babbar ƙuna. Kano da Zariya da Maraɗi na da masu kiwon kifi da masu zuma da asibitocin da za su iya gudanar da gwaji. Abin da ake buƙata shi ne ɗakin tsabtacewa da ya cika ƙa'ida, da hukumar magunguna da za ta sa ido, da gwaji a kan majinyatanmu a cikin zafinmu da guminmu, don a san kwana nawa filasta ke zama a ƙafar mutumin da ba zai iya daina aiki ba.